Darasi na Tara: Lambar da Ba Ta Rabuwa Daidai

Kowa ya ɗebo tsakuwa 12 ya zuba a gabansa. Ku kasa ta yadda mai albasa ke kasawa a babbar kasuwar Sakkwato: kashi biyu, shida-shida, kashi uku, huɗu-huɗu, kashi huɗu, uku-uku. Babu saura. To, ku ƙara tsakuwa ɗaya ta zama 13. Duk yadda kuka kasa, sai an samu ragowa, sai dai in za a ware su ɗai-ɗai ko a bar su kashi guda. Irin wannan lamba muke kira marar rabuwa. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. Ba a lissafa 1 a cikinsu.

Yaya za a gane ta in ta fi ƙarfin tsakuwa? Mu ɗauki 97. Raba ta da 2, da 3, da 5, da 7: kowanne yana barin saura. A nan za ka tsaya, domin 11 sau 11 ya kai 121, ya zarce 97. Ashe 97 ba ta rabuwa. Amma a yi hattara da 91, tana yawan ruɗin mutane: 7 sau 13 ce.

Waɗannan lambobi ba su da iyaka. Masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da haka a Iskandariyya ta Masar, kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu neman manyansu suna bin wata hanya: a ninka 2 da kanta sau da yawa, a cire 1. In ka jera 2 guda biyar ka ninka, za ka samu 32. Cire 1, saura 31, ba ta rabuwa. Hanyar ba kullum take ci ba, domin 2 guda goma sha ɗaya na ba da 2,048, in ka cire 1 saura 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Ta wannan hanya Luke Durant, ɗan Amurka, ya gano wadda ta fi duk na baya girma a Oktoba 2024, da taimakon kwamfutoci masu yawa. An jera 2 har guda 136,279,841 aka ninka, aka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne, na ƙarshe kuma 1. Da za ka rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura shekara guda da wata uku.

Kada wani ya ɗauka wasan masana ne kawai. Ninka 23 da 89 abu ne mai sauƙi, amma a ba ka 2,047 a ce nemo iyayenta, sai ka yi gumi. A kan wannan wahala aka gina tsarin RSA a 1977, ɗaya daga makullan da ke tsare saƙon banki a intanet, da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma.

Aikin gida: a tsakanin 51, 53, 57, 59 da 87, waɗanne ne ba sa rabuwa? Wadda ta rabu, rubuta lambar da ta raba ta.