Ga masu mandolin: ku kula da jaki

Jama'a, barkanku da warhaka. In za ku canza tsirkiyoyin mandolin, kada ku kwance duka 8 a lokaci ɗaya. Jakin da suke hawa, wato ɗan katakon da ke ɗage su a kan jikin mandolin, ba a manne yake ba, ƙarfin ɗaurinsu ne kawai ya danne shi, da kun kwance su zai zame. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

In kuwa ya riga ya goce, gyaran ba wuya. Ku saita tsirkiyoyin bibbiyu a sautin G, D, A, E, sannan ku danna tsirkiya a ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan mandolin. Kamata ya yi ta ba da sautin da take bayarwa in ba a danna ta ba, amma na sama. In ya zarce, ku ɗan sassauta tsirkiyoyin, ku tura jakin baya, nesa da wuya. In ya gaza, ku matso da shi gaba. Kaɗan-kaɗan fa, milimita ɗaya ma tana canza abu, kuma kunne kan yi ƙarya, gara manhajar saita sauti ta waya.

Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 kada ta wuce kamar milimita 2, in ba haka ba yatsu za su ji jiki. Da hunturu kuma a mayar da mandolin akwatinta, bushewar iska na tsaga katako.