Yadda za a raba ɗalibai da waya a lokacin karatu ba tare da rigima ba

Duk malamin da ya taɓa juya baya yana rubutu a allo, ya waiwayo ya ga kawuna huɗu sun haɗu a ƙarƙashin benci ɗaya, ya san ba littafin lissafi suke dubawa ba. A sakandaren jeka-ka-dawo da nake koyarwa mun gwada ƙwace, mun gwada bulala. Akwai shekarar da wani abokin aikinmu ya fusata, ya sa guduma ya farfasa wayoyi uku a taron safe. Washegari wani uba ya zo da rasit a hannunsa, ashe wayar ta matarsa ce. Sai da makaranta ta biya. Daga baya muka gane cewa abin da waya take buƙata shi ne wurin kwana daga safe zuwa tashi. Ga yadda ake shirya shi.

Fara da iyaye, kafin ka ce wa ɗalibi ko uffan. Yawancin wayoyin nan su suka saya, kuma suna da dalili. Yarinya tana hawa adaidaita sahu biyu kafin ta iso makaranta, gari ba lafiya, uwa tana son ta ji muryarta idan an tashi. A taron iyaye da malamai wata uwa ta miƙe ta ce, "Malam, ni ba na hana ku horo, amma ranar da aka yi gudu a gari, ta ina zan san inda 'yata take?" Idan ba ka da amsar wannan tambaya, dokarka ta mutu tun kafin a kafa ta, domin uwar da kanta za ta ce wa 'yar ta ɓoye wayar a hijabi. Amsar ita ce yarinya ta zo da wayarta, ta koma gida da ita, a tsakani kawai za a riƙe mata. Kuma makaranta ta tanadi lamba ɗaya, a ƙaramar waya mai madannai da ke ajiye a ofishi, kullum da caji da kuɗi a ciki, da mutum takamaimai da zai ɗauka. A rubuta lambar a katin sakamako da jikin ƙofar shiga.

Sai a tsayar da dokar, ta zama jimla ɗaya da ɗan aji ɗaya zai iya maimaitawa: daga ƙararrawar shiga zuwa ta tashi, babu waya a hannun ɗalibi. Za a sami malaman da za su ce a bar musu lokacin tara. Ni ban yarda ba. A tara ake ɗaukar hoton yarinya ba da saninta ba, a tara ake fara bidiyon da za a ƙarasa a darasin da ke biye. Birazil ta haɗa har da lokacin hutun tsakiyar darussa a dokar da ta kafa a 2025. Faransa kuwa tun 2018 ta hana a firamare da ƙaramar sakandare, ita kuma Sin a 2021 ta ce sai da rubutacciyar buƙatar iyaye za a zo da waya, idan an zo da ita kuma a miƙa wa makaranta ta ajiye. Ka kuma tuna wa 'yan ajin ƙarshe cewa WAEC da NECO da JAMB ba sa barin waya ta shiga ɗakin jarrabawa, gara su saba tun yanzu.

Mataki na uku shi ne akwatin, kuma nan ne aikin yake. Kira kafinta ya ƙera wa kowane aji akwatin katako mai ramuka, kamar gidan tattabaru, kowane rami da lambarsa daidai da lambar ɗalibi a rajista. A shimfiɗa tsohon bargo ko soso a ciki saboda gilashi, a sa marfi da kwaɗo. A makon farko malamin aji ya rubuta irin wayar kowa da launinta da duk wata tsaga da ke jikinta, ɗalibi ya sa hannu, sannan a manna lamba a bayanta da salatif. Kada ka raina wannan rubutun. Ranar da wani zai ce, "Malam, wallahi lafiya lau na kawo ta," shi zai fitar da kai. Kowace safiya, ana kiran suna ana kashe waya ana sakawa, malami ya ƙirga, ya kulle, a kai ofishi. Makulli ya zauna a hannun malami. Monita yaro ne, abokansa za su matsa masa, in kuma waya ta ɓata ba shi da abin biya.

Wanda ya ce a hana zuwa da ita kawai, ba sai an wahala da akwati ba, ya dubi abin da ya faru a birnin Niyok na Amurka. Shekaru ana hana shiga da waya makarantun gwamnati, sai 'yan kasuwa suka riƙa girke motoci a bakin makarantu suna karɓar dala ɗaya a rana don ajiya, har aka janye dokar a 2015. A nan ma mai shagon da ke kallon ƙofarku zai samu sabuwar sana'a, ko kuma waya ta koma cikin safa.

Keɓe masu lalura a rubuce: mai ciwon da ke buƙatar kiran gida da gaggawa, ko mai larurar gani da ke amfani da waya wajen karatu. Malamin da ke son a yi darasi da intanet ya karɓo akwatin, a gama, a mayar.

Yanzu malamai. Wannan ne ɓangaren da ba a son ji a ɗakin malamai, amma yaro ba zai miƙa tasa da zuciya ɗaya ba alhali yana ganin malama ta ba da aikin aji ta zauna tana latsa WhatsApp. Tamu ta zauna a jaka, a rufe mata murya, shugaban makaranta ya fara.

Horon ya zama sananne tun farko, kuma iri ɗaya ga ɗan kowa. Karo na farko a karɓa, a mayar da an tashi. Na biyu sai uba ko uwa sun zo da kansu. Na uku a hana shi zuwa da ita har ƙarshen zango. Ban da fasawa, ban da tara ta kuɗi, ban da buɗe wayar ɗalibi a karanta saƙonninsa. Idan ana zargin wani abu mai muni a ciki, a kira iyaye a buɗe a gabansu.

Makonni biyun farko sai an daure. Za a kawo maka matacciyar waya a saka a akwati, ta gaske tana aljihu, shi ya sa za ka riƙa ɗaga kaɗan daga ciki kana duba lamba, wata ranar ka ce mai ita ya kunna. Hutun tara kuma zai yi wa ɗalibai tsawo, don haka a fito da ƙwallo da dara da ludo, a buɗe ɗakin karatu idan akwai. A ƙarshen zango a zauna da malaman aji da wakilan ɗalibai, a duba littafin rajistar: wayoyi nawa aka kama, a wane aji, iyaye sun kira lambar ofishi sau nawa, an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Mu a zangonmu na farko abin da muka gyara shi ne lokacin rabo, domin layin karɓar waya yana sa 'yan nesa rasa abin hawa. Muka koma buɗe akwati a cikin aji, saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa.