Yadda Nake Rubuta Takardar Akor ta Buluz ɗin Jaz

Mu nan Yamai, ko a makarantar kiɗa ta CFPM Taya ka koyi kiɗa ko wajen wani ubangida, da Do, Re, Mi ka tashi. Takardun jaz na Amurka kuwa da haruffa ake rubuta su: C shi ne Do, F shi ne Fa, B kuma Si. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni haruffa nake bi, don sun fi saurin shiga ido in an ɗauke wuta ana duba takarda da fitilar waya.

Buluz, wato salon kiɗan da ƴan jaz ke yawan bugawa, mezir 12 ne; mezir shi ne kowane gida da sandar | ta raba a takarda. Ja layi uku, huɗu-huɗu, kada ka cusa biyar a layi ɗaya don tsimin takarda. Ga shi a F, kowace alama akor ce, wato sautuka da ake kaɗawa tare:

F7 | Bb7 | F7 | Cm7 F7
Bb7 | B°7 | F7/C | Am7 D7
Gm7 | C7 | F7 D7 | Gm7 C7

Buluz na asali akor uku ya ishe shi: F7, Bb7, C7. Sauran ƙarin ƴan jaz ne. Cm7 F7 na mezir na huɗu suna jan kunne zuwa Bb7. Wurin da na fi so shi ne layi na biyu, inda mai bas ke hawa Bb, B, C a hankali, shi ya sa na rubuta F7/C: akor F7 ne, amma C za a taka a ƙasa.

Alamomi ne ke haɗa faɗa. F7 na ɗauke da Eb, Fmaj7 kuwa E, kuma in mai jita da mai fiyano suka saɓa a nan, kowa zai ji. A maimakon maj7, wasu na rubuta Δ, takardun Faransa 7M. Ni ba na son M da m a rubutun hannu, da wuya a bambance su, sai in rubuta maj7 gaba ɗaya.

Ga masu busa, ba su sauti na uku da na bakwai na kowane akor kawai: a kan F7 kakakin Bature ya riƙe A, sakso ya riƙe Eb, in Bb7 ya zo, kowa ya sauko rabin taki, Ab da D. Amma kowannensu da takardarsa, don sunan sauti a kayan busarsu ba ɗaya ba ne da na fiyano! F7 na mai fiyano, G7 ne ga mai kakakin Bb, D7 ga mai sakso alto.

In akwai mai kalangu, a bar masa mezir huɗu-huɗu shi da mai ganga su yi musaya, ka rubuta hakan a ƙasan takarda da manyan baƙi.