Idan ɗan uwanka mai taɓin hankali ya faɗa hannun hukuma: abin da zaka yi da abin da kotu ke nema

Bara wani yaron maƙwabtanmu a Kubwa, saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu, ya ɗauki katako da tsakar rana ya rotsa wa mai shagon layinmu kai. Ba faɗa suka yi ba, ba bashi tsakaninsu, shi dai yaron ya yi wajen sati biyu yana cewa mutumin na binsa da dare kuma yana jin abin da ke zuciyarsa. Allah ya sa mai shagon ya rayu. Da muka je caji ofis mahaifiyar yaron sai kuka take tana cewa "wallahi ba ya cikin hayyacinsa, ku tambayi kowa a layi", kuma gaskiya ta faɗa, amma da aka ce Hajiya ina katin asibitinsa sai ta yi shiru, katin ya ɓata tun da suka tashi daga tsohon gida. Wannan shirun nata ya tsaya min a rai, shine yasa nake wannan rubutun.

Abu na farko, ka san me doka ke tambaya, domin ba abin da muke tambaya a gida bane. Mu a gida cewa muke "yana da ciwo ko ba shi da shi". Kotu kuwa tambayarta ƙarama ce kuma mai tsauri: a daidai lokacin da ya ɗaga katakon nan, ya san abin da yake yi? ya san laifi ne ko ya saɓa doka? A nan Abuja dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code) ake amfani da ita, kuma sashe na 51 shine ya ce ba laifi bane abin da mutum ya aikata idan taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai bane ko ya saɓa doka. Asalin wannan ma'aunin daga Ingila ya zo. A 1843 wani mutum Daniel M'Naghten ya harbe sakataren Robert Peel, Firayim Ministan lokacin, a Landan, yana ganin jam'iyyar da ke mulki ce ke farautarsa, kotu ta ce ba shi da laifi saboda hauka, gari ya ɗauki zafi, sai aka sa manyan alƙalai suka zauna suka fitar da ƙa'idar da har yau take cikin dokokinmu. Mu kuma musulmi tun kafin nan muna da hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Kaga kenan maganar ba baƙuwa bace a wajenmu.

Toh amma ga inda gizo ke saƙa. Doka tana ɗaukar kowa a matsayin mai hankali har sai an nuna akasin haka, kuma nauyin nunawar yana wuyan ɓangaren wanda ake tuhuma, wato ku. Ta yaya zaka nuna abin da ke cikin kan mutum a wani minti da ya riga ya wuce? Wannan ba lauyoyi kaɗai ta gagara ba, masana falsafa ma a kanta suke har yau. Thomas Nagel a 1974 ya kawo misali da jemage, ya ce ko ka san komai game da ƙwaƙwalwar jemage da yadda yake gane hanya da amon sauti, ba zaka taɓa sanin yadda shi jemagen ke jin kansa daga ciki ba. David Chalmers a 1995 ya kira wannan da matsala mai wuya, wato za a iya bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki amma me yasa aikin ke zuwa da ji da sani daga ciki, nan ne aka tsaya. Ina kawo wannan ne saboda wani kawun yaron ya dage sai an yi masa sikanin na kai, wai hoton zai nuna wa alƙali haukan ƙarara. Sikanin yana da amfani idan ana zargin ƙari a ƙwaƙwalwa ko tsohon rauni, haka gwajin da ake manna wayoyi a kai yana taimakawa wajen gano farfaɗiya, amma babu na'urar da zata nuna abin da mutum ya sani ranar Talata da ƙarfe biyu. Da yawan masu ciwon taɓin hankali ma hoton kansu lafiya lau yake fita. Kada ku zuba kuɗinku duka a can sai in likita ne ya nema.

Tunda ba a iya leƙa ciki, abin da kotu ke bi shine sawu, kuma sawun nan a hannunku yake. Don haka tun a ranar farko, kafin ma a fara maganar beli, wani mai natsuwa a gidan ya zauna ya tattara komai. Katin asibiti, takardar magani, kwalin maganin da ya sha ko da babu komai a ciki, rasit ɗin kemis, saƙonnin da ya riƙa turawa a WhatsApp da muryoyin da ya ɗauka, kar a goge ko ɗaya ko da abin kunya ne a ciki, sau da yawa wanda ya fi ba ku kunya shine ya fi nuna halin da yake ciki. Idan kati ya ɓata kamar na Hajiya, ku koma asibitin da aka taɓa kai shi, ko Babban Asibitin Ƙasa ne nan cikin gari, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ku je sashen ajiye fayil da cikakken sunansa da shekarar da aka kai shi. Mu haka muka yi, sai da muka yi sawu uku amma fayil ɗin ya fito.

Sannan ku sami littafi ku rubuta kwanakin da suka gabaci abin, rana bayan rana. Yaushe ya daina barci, yaushe ya daina shan magani kuma me yasa, me ya riƙa faɗa, wa ya ji. Ku rubuta da kalmominsa, kar ku gyara. Ku rubuta abin da ya yi bayan faruwar abin shima, ya gudu ne ya ɓuya ko ya tsaya a wajen yana surutai, domin mai gabatar da ƙara zai kafa hujja da wannan sosai, wanda ya ɓoye makami ana ganin ya san laifi ya yi. Akwai shari'ar wani Kenneth Parks a Kanada a 1987, ya tashi cikin barci ya tuƙa mota kimanin kilomita 20 ya kashe surukarsa, sannan ya kai kansa wajen 'yan sanda hannu duk jini. An wanke shi, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1992, kuma abin da ya taimake shi harda tarihin tafiya cikin barci a danginsu da gwajin barcinsa da likitoci suka yi. Tarihin dangi hujja ne, in akwai mai irin ciwon a gidan ku gaya wa likita, ba lokacin rufa-rufa bane.

In an kai shi wajen malami an yi ruƙiyya, ku faɗa, malamin ma shaida ne kan abin da ya gani da idonsa. Amma kar ku tsaya gaban alƙali da "aljanu ne" kawai, kotu bayanin likitan ƙwaƙwalwa take nema. Maganar ƙwaya kuma ku gaya wa lauyanku gaskiya tun farko, domin maye da mutum ya jawo wa kansa da hannunsa ba uzuri bane a Final Kod, sai in an ba shi ne bai sani ba ko an tilasta masa.

Ku nemi lauya da wuri, in babu hali akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, hedikwatarta a nan Abuja take. Ku roƙi lauyan ya nemi kotu ta sa likita ya duba yaron da gaggawa, tun yana cikin halin, saboda in aka yi wata shida ya sha magani ya dawo garau, likita zai ga wani mutum daban. Kuma tambayoyi biyu ne a nan da mutane ke cakuɗawa, ɗaya shine yanzu yana iya fahimtar shari'ar da ake masa ya kare kansa, ɗaya kuma halinsa ranar da abin ya faru. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu damar dakatar da shari'a a tura mutum a duba shi idan ta ga alamar ba zai iya kare kansa ba.

Wani ɗalibi ya taɓa ce min ai kimiyya ta gama nuna babu wanda ke da zaɓi, yana nufin gwajin Benjamin Libet na 1983, inda aka ga alamar shirin motsi a ƙwaƙwalwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa kafin mutum ya ji ya yi niyyar motsa hannu. Gwajin gaskiya ne, amma motsa hannu a ɗakin gwaji daban, shirya laifi daban, kuma in hujjar ta tsaya to kowa ta wanke ba ɗan uwanka kaɗai ba, shi yasa ba zata yi muku aiki a kotu ba.

Ku shirya zuciyarku kan abu ɗaya, ko kotu ta yarda ba ya cikin hayyacinsa ba lallai ya dawo gida ranar ba, yawanci umarni ake bayarwa a ajiye shi inda za a kula da shi. M'Naghten ɗin nan a asibitin masu taɓin hankali ya ƙare rayuwarsa a 1865. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ku sa lauya ya duba haƙƙoƙin da ta ba mara lafiya.

Kuma dan Allah ku je ku duba wanda aka ji wa ciwo, ku taimaka da kuɗin magani, shi ma ba shi da laifin komai. Duk tsawon lokacin da yaron ke tsare, ko a caji ofis ko a gidan yarin Kuje, ku tabbatar maganinsa na isa gare shi da takardar likita a haɗe, ku ajiye kwafi ɗaya a gida ɗaya wajen lauya.