Tarin fuka a cikin gida: kurakuran da iyalan majiyyaci suka fi yi

Da zarar an ce wani ya kamu da tarin fuka, abin da ake fara yi a gida shi ne a ware masa kwano da cokali da moɗa. Sai kuma a bar shi yana kwana ɗaki ɗaya da mata da yara, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma saboda sanyin hunturu. An tsare inda babu haɗari, an bar inda yake.

Ƙwayar cutar ta iska take bi. Idan mai tarin fuka na huhu ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana, yakan fitar da ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, su daɗe sa'o'i suna yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wanda ya shaƙa shi ke kamuwa. Musabaha, cin tuwo kwano ɗaya ko wanke tufafinsa ba sa yaɗa ta. Gyaran shi ne a buɗe taga da ƙofa iska ta shiga ta fita, rana ta haska ɗakin, a yi hira da 'yan dubiya a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. Majiyyaci ya riƙa rufe baki da hanci in zai yi tari, ya sa takunkumi, ya kwana shi kaɗai a makonnin farko in da hali. Kaki kuwa a tofa cikin gwangwani mai murfi, a zubar a masai.

Kuskure na biyu ya fi tsada: a ce sai wanda ya fara tari za a kai asibiti. Ƙwayar takan kwanta a jiki ba alama, wata da watanni ko shekaru, sannan ta tashi. Cikin waɗanda suka kamu, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kwantawa ciwo a tsawon rayuwarsu, amma haɗarin ya fi haka nesa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu cutar HIV, da masu ciwon suga, da masu fama da tamowa. Yaro ma ba lalle ya yi tari mai ƙarfi ba. Sai dai a ga ya daina wasa, yana ramewa, zazzaɓi ya ƙi tafiya, a yi ta ba shi maganin maleriya daga kemis. Duk wanda ke kwana gida ɗaya da majiyyaci a kai shi a duba shi. Na'urar gwajin kaki mai suna GeneXpert tana ba da sakamako cikin kamar awa 2, kuma yaron da bai iya fitar da kaki ba ana iya gwada bayan gidansa. Wanda aka tabbatar ciwon bai tashi a jikinsa ba, akwai maganin kariya, wani na wata 3, wani na wata 6. A Najeriya gwajin kaki da magani kyauta ne a cibiyoyin kula da masu tarin fuka da ake kira DOTS.

Wasu iyayen kan nuna tabon allurar tarin fuka ta BCG a hannun yaro su ce ai an yi masa rigakafi. Allurar tana kare ƙananan yara daga nau'i mai tsanani, kamar wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Mai shayarwar da ta kamu kuma kada ta yaye jaririnta; ta sha magani, ta sa takunkumi, a duba jaririn.

Sai batun barin magani. Bayan kamar mako 2 da fara shan maganin da ya dace, yaɗuwar takan ragu sosai, tari ya lafa, abinci ya fara shiga. A nan ne da yawa ke ajiye ƙwayoyin, wasu don sun ga fitsarinsu ya koma ja, alhali aikin rifampicin ne kawai, ɗaya daga cikin magungunan. Maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne cur: wata 2 na magunguna huɗu, wata 4 na biyu. Wanda ya katse, ciwon kan dawo, wani lokaci da ƙwayar da ba ta jin magani, kuma ita ce mutanen ɗakinsa za su shaƙa. A wakilta mutum ɗaya a gidan ya riƙa ganin an haɗiye maganin kowace safiya, yana sa alama a katin asibiti.