Yadda Ake Zaɓen Ukulele da Ƙara Mata Amo Don Kiɗan Taro

Ukulele ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu wadda ta samo asali a Hawai, bayan da 'yan Fotugal daga tsibirin Madeira suka sauka can a 1879. Muryarta siririya ce, shi ya sa idan ta shiga tsakanin ganga da jita da mawaƙa, sai a ga hannun makaɗi yana motsi amma ba a jin kiɗansa. Maganin wannan tun wajen saye yake farawa.

Da farko a duba girma. Soprano tsawonta kusan santimita 53 ne, concert 58, tenor kuwa 66, kuma tenor ɗin ce ta fi dacewa da taro domin faɗin cikinta yana ƙara amo. Baritone ta fi su girma, sai dai ɗaurin tsirkiyarta, wato sautin da ake saita kowace tsirkiya a kai, D-G-B-E ne maimakon G-C-E-A na sauran ukun, don haka ajiye yatsu zai saɓa da na abokan kiɗa.

Daga nan sai katako. Wadda fuskarta katako guda ne ta fi wadda aka manne falle-falle ƙara, amma mazaunin Jos ya yi hattara, domin bushewar hunturu tana tsaga irin wannan katako. Wanda ya saye ta ya riƙa ajiye ta cikin akwatinta tare da ɗan soso mai danshi a roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa jikinta ba. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya ɗauki mannanniyar.

Bayan saye, a canja tsirkiya zuwa ta fulorokabon, wani nau'in roba, wadda sautinta ya fi na nailan kaifi, a kuma yi haƙuri da sake ɗauri na 'yan kwanaki kafin ta zauna. Riƙo ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato: matse bayan ukulelen da ƙirji yana kashe amo, saboda haka a sa madauri, a kaɗa da farce daidai inda wuya ya haɗu da jiki.

Idan wurin babba ne, ko akwai ganguna, sai an haɗa da lantarki. A kai wa mai gyaran jita ya sa na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin sirdin tsirkiya, wato ɗan abin da tsirkiyoyi suke hawa a fuskar ukulelen, a jona ta da amfilifaya, mai batir idan da hali saboda ɗaukewar wuta. A ajiye lasifika gaban makaɗi tana fuskantar jama'a, domin idan ta fuskanci ukulelen za ta yi ta kuka.