Yadda Aka Raba Aurena a Ingila Ban Taka Kotu Ba

Ranar da baban yarana ya furta saki a falonmu na Manchester, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a wurin hukuma ina nan matarsa. A Kano aka ɗaura mana aure, dokar Ingila ta san da shi, kuma sakin baki da aka yi a ƙasarta ba ya kwance shi. 'Yar'uwa, in kin tsinci kanki a nan, ga hanyar da na bi.

Tun 6 ga Afrilu 2022, a Ingila da Wales ba a tambayar laifin wane ne. Ki shaida cewa auren ya lalace ba gyara, ya wadatar, muddin ya haura shekara ɗaya. Ana cike takardar a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ke kaɗai ko ku biyu. Mu tare muka cike, kowa daga wayarsa, don ba ma iya zama tabarma ɗaya a lokacin. Na biya fam 593 a 2023, amma an ƙara kuɗin daga baya. Mai ƙaramin ƙarfi tana iya neman rangwame.

Ki nemo takardar aure tun da wuri. Tawa a ƙasan akwatin lefe na tono ta, duk ta yamutse, sai da na danne ta da faranti kafin hoton ya nuna kusurwoyinta huɗu. In ba da Turanci take ba, sai an haɗa da fassarar da aka tantance.

Daga nan sai haƙuri: mako 20 cur kafin ku nemi hukuncin farko. A ofis ake duba takardu, a sanar da ke ranar da za a ba da hukuncin, ba sai kin je ba. Bayan kwana 43 da fitowar hukuncin farko ki nemi hukuncin ƙarshe, wanda shi ke raba auren.

Inda mata ke tafka asara shi ne dukiya. Saki bai raba gida ko fansho ba. Ku rubuta abin da kuka amince, lauya ya tsara, alƙali ya sa hannu, shi ma ta takarda. Kar zawarawa su ruɗe ki da an gama idda: in kika sake aure ba ki shigar da wannan buƙata ba, ƙofar neman haƙƙinki tana iya rufewa.

Hukuncin ƙarshe ya iso ina tsaka da tuƙa tuwo. Na buga kwafi biyu, na aika wa Baba ɗaya Kano.